Amsa: Ba ƙari ba ne, haka masana'antun Amurka suka kasance

Malam, ka tambaya ko wasan kwaikwayon da ka kalla ya yi ƙari, inda manaja yake yaba wa ma'aikaci baƙar fata da baki amma ya hana shi ƙarin girma. Wallahi bai yi ba, sai ma a ce ya rage.

A 1941 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar hana wariya a masana'antun kayan yaƙi, bayan A. Philip Randolph, wani jagoran ƙungiyar ƙwadago baƙar fata, ya yi barazanar tara baƙaƙen fata su yi tattaki zuwa Washington. Amma a Yunin 1943, a kamfanin Packard mai ƙera injunan kayan yaƙi da ke Detroit, da aka ɗaga ma'aikata baƙaƙe uku zuwa layin haɗa injuna, sai Turawa kusan 25,000 suka ajiye aiki. Ana tsakiyar yaƙi da Hitler fa, ana cewa ana yaƙin 'yanci ne!

Munafuncin da ya fi ba ni haushi shi ne na kamfanin wutar Duke Power. Baƙaƙen fata duk an tara su a sashen leburori, inda mafi girman albashi bai kai mafi ƙanƙantar albashin sauran sassa ba. Ranar da dokar 1964 mai hana wariya a wuraren aiki ta fara aiki a 1965, sai kamfanin ya kawo jarrabawa ga sabon ma'aikaci mai son shiga sauran sassa. Wariya ta canja riga kawai. Sai 1971 Kotun Ƙoli ta ce jarrabawar ba ta da alaƙa da aikin, ta haramta ta.