Amsa: ko kalar lemun leda na hana yaro natsuwa?

Hajiya, kin ce ɗanki na ƙin zama wuri guda in ya sha ƙanƙarar leda mai kala a ƙofar lakwal. Zarginki na da tushe. A 2007 wani bincike a Southampton ta Ingila ya nuna gaurayen kalolin abinci da E211, maganin hana lemu lalacewa, na ƙara wa wasu yara rawar kai. Ba duka yara ba, kuma tasirin ba babba ba ne. Duk da haka tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta gargaɗi a kan kaloli shida: E102, E104, E110, E122, E124, E129.

Duba waɗannan lambobin kala a bayan fakitin garin lemu da alawa. Na leda ba rubutu, sai ki dubi harshen yaron: in ya rine ja ko ruwan ɗorawa, mai yiwuwa kala ce.

Ki yanke masa kayan kala kwana 14, malaminsa na lura, sannan ki maido ki gani. Ki haɗa masa zoɓo ko ruwan tsamiya na gida, da dabino da gujiya. A zafin Damagaram, daskarar da gorar tun dare. In bai sauya ba, a bincika barcinsa, karin kumallo da ƙarancin jini a likita.