Amsa ga mai CB200 ɗin da salansar hagu ba ta zafi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Honda CB200 ɗin da ka gada wurin kawunka ba ya tsayawa a silo, wato inji na aiki ba a murɗa totur ba, sai ka ja cok, salansar dama tana ƙuna ta hagu kuwa ɗumi kawai take yi, ga mai yana ɗiga ta gindin kafireto, kana tambaya ko za ka iya daidaita kafireton biyu a gida ko ka sayi na China kamar yadda wasu suka ba ka shawara. Wallahi ina karantawa kamar ni na rubuta. Irin mashin ɗinka ne gare ni, babanmu Allah ya jiƙan shi ya saye shi da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975 lokacin yana malamin firamare, kuma duk abin da ka lissafa sai da ya yi mani.

Kafin komai, don Allah kada ka rabu da kafireton Keihin ɗin da ya zo da mashin. Ko da ka sayi wani, ka naɗe na asalin ka ɓoye a ɗaki. Sannan kada ka bar shi ya kwana a garejin kowa ba ka tsaye.

Dalilina ke nan. Na kai nawa wurin wani bakanike nan cikin gari, ba zan faɗi suna ko unguwa ba don yana da iyali. Matsalar silo ce kawai ta kai ni. Ya ce in bari in dawo gobe. Na dawo na tarar mashin yana ta ruri, ya ce ai yanzu ya samu lafiya, na biya har da na yara. Ashe silo ya ɗaure sama don ya rufe ciwon. Ranar da abin ya tonu muna dawowa daga ta'aziyya a Daura, uwargida tana baya, mun wuce Mashi kaɗan rana ta yi ja. Sai na ji ƙafar wandona ta hagu ta yi sanyi. Ina dubawa fetur ne yake tsiyaya daga kafireto yana sauka kan inji mai zafi yana cuwww. Na kashe, na rufe makunnin mai, na ce mata sauka ki yi nisa. Haka na riƙa tura shi tana biye da ni da takalmi a hannu, magariba ta kawo kai, kun dai san yadda zuciya ke yi in duhu ya same ka a hanya a 'yan shekarun nan. Ko uffan ba ta ce mani ba, shirun nan ya fi mani turin ciwo. Wani bawan Allah mai a-kori-kura ne ya tsaya ya ɗauke mu.

Da na kwance a gida na ga aikin da aka yi mani, sai da na zauna a ƙasa. Allurar da ke tsayar da mai ta hagu ba tawa ba ce, ta wani mashin ce gajera. Ƙaramin jet na dama, ɗan sukurun tagulla mai rami da ke ba inji mai a silo, an zura mashi wayar kebur ɗin kuloci har ramin ya buɗe ya zama ba zagayayye ba. Na hagu kuwa ko taɓa shi bai yi ba, a toshe yake ƙam da wani koren datti. Kan sukurori duk ya cinye. Na koma na nuna mashi, ya dube ni ya ce wai tsohon mashin sai haƙuri, in ina so ya saye shi a hannuna. Ka ji fa! Har gobe in na bi ta layin ba na iya kallon wurin. Kuɗin ban damu da su ba, amma jet ɗin da ya shekara kusan hamsin lafiya lau a ɓata shi da waya cikin minti guda, wannan ban yafe ba tukuna.

To ga abin da zan ce maka. Daidaita kafireto biyu shi ne aikin ƙarshe, kada ka fara da shi. Salansar da ba ta zafi a silo, galibi ƙaramin jet na wannan ɓangaren ne ya toshe, shi ya sa in ka ja cok yake kamawa. Ka samu tire ko faranti mai faɗi, ka kwance ɗaya ka gama ka mayar kafin ka taɓa ɗayan. Kayan hagu da na dama kada su haɗu, musamman fistin ɗin totur da ke hawa da sauka, kowanne da ɓangarenshi, kuma gefen da aka yanke a ƙasanshi iyakilina, wato matatar iska, yake kallo. In ka musanya su ba za su sauka ƙasa ba, kana buga kik mashin zai kama ihu.

Ka fitar da jet ɗin ka ɗaga shi sama ka leƙa, sai ka ga haske zagayayye tas. Akwai kuma ƙananan ramuka a jikinshi ta gefe, su ma ka duba. Ka jiƙa shi cikin maganin wanke kafireto na gwangwani, in ya ƙi sai ka zaro sili ɗaya na jan ƙarfe daga wayar wuta, ya fi tagullar jet laushi ba zai ci ta ba. Allura da wayar ƙarfe a'a. Ka fesa maganin ta ramin sukurun iska ka ga ya fito ta cikin maƙogwaron kafireto, in bai fito ba hanyar na toshe ko da jet ɗin ya yi ƙal. Ka cire duk wata roba kafin ka fesa don yana kumbura ta, kuma ka kare idonka. A tsakar gida za ka yi, nesa da murhu, a kori yara.

Ɗigar man kuma, ka girgiza filot, abin nan da ke yawo kan mai cikin kofin gindin kafireto, kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Ka duba bakin allurar ko ya yi zobe. Tsayin filot na hagu da na dama su zo daidai. Amma fa duk wannan banza ne in tankinka na da tsatsa, gobe za ta sake saukowa. Ka wanke tanki, ka sa ƙaramar matatar mai a tiyo. Ni tun da aka cire tallafi a 2023 ɗigo ɗaya in na gani a ƙasa raina ɓaci yake. Kuma man kwalba na gefen titi na rage sha sai dole, wani da ruwa yake zuwa, wani da yashi. In za ka ajiye mashin ya daɗe, ka rufe mai ka bar shi ya ƙone na cikin kofin ya mutu da kanshi.

Na manta, robar da ke tsakanin kafireto da inji. In ta tsage iska na shiga ta nan, ko za ka kwana kana murɗa sukuru silo ba zai zauna ba. Mashin yana aiki ka ɗan fesa maganin a wurin, in sautin ya canza ka kama ɓarawo. Bawul ma ka saita da inji a sanyi, tazarar 0.05 mm, ka duba fulogi da taimin, don sau da yawa wuta ce ake ɗora wa kafireto laifinta. Iyakilina kuwa da ƙurar hunturun Katsina ba sai na faɗa maka ba.

In duk sun kammala sai daidaitawa. Silinda biyun nan kamar shanun huɗa suke, in ɗaya na ja ɗaya na noƙewa kunya ba ta miƙewa. Masu manyan mashina masu kafireto huɗu da agogon auna tsotson iska suke yi, ni dai namu da yatsa da ido nake yi. Inji a kashe, ka cire iyakilina, ka sa yatsa ɗaya a kan kowane fistin, wani ya murɗa maka totur a hankali. Dole su motsa tare. Wanda ya makara ka ƙara wa kebur ɗinshi tsauri ta sukurun saman kafireto, ka bar ɗan sako-sako a hannun totur. Sukurun iska ka mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka matse, ka dawo da shi zagaye ɗaya da kwata a kowane gefe. A irin namu fitar da shi ƙara iska ne, shigar da shi ƙara mai. Ka tayar ya yi zafi sosai, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har inda inji ya fi sakewa, sannan ka sauke silo wajen juyi 1,200 a minti. Ka sa tafin hannu bayan salansa biyun, bugun iskar ya zo daidai, wadda ta fi rauni ka ɗan ƙara mata da sukurun silonta.

Ka hau ka je Batagarawa ka dawo, ka kwance fulogi biyun ka ɗauko mana hoto. Baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat iska ta yi yawa kuma shi ya fi haɗari don yana ƙona inji, ruwan ƙasa ake so. Ka rubuta wanne ne na hagu kada ka haɗe su. Sannan jama'a, har yanzu ina neman ƙaramin jet na asali na dama, na sa an duba mani har Ƙofar Ruwa a Kano ba a dace ba. Duk wanda ke da mataccen CB200 a zaure ko bayan gida ya yi mani magana, zan zo da kaina in kwance.