Permin yayanka ba naka ba ne

Jiya ka tare ni a bakin tafki ina ɗinkin kalli, ka ce: "Baba, tunda yayana ya tafi haƙar zinari Jado ya bar perminsa, wato takardar izinin su, a gida, kuma shekara ba ta ƙare ba, me zai hana in riƙa shiga ruwa da shi?" Ban tanka maka ba, don da na buɗe baki a lokacin, zagi za ka sha a gaban mutane. Yau na huce, sai ka saurara.

Ba a aron permi. Takarda ce ta mutum ɗaya, da sunansa a kai, ba a ba da aronta, ba a sayar da ita, kuma shekara guda take yi ta mutu. Ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ranar da 'yan gandun daji, ma'aikatan da ke binciken masunta, suka tsayar da kai, sunan da ke katin ɗan ƙasarka za su gwada da na takardar. Ni da nake gaya maka, a jikina na koya.

Shekaru da dama ke nan, kafin a haife ka. Akwai wani dillali da ke zuwa daga Maraɗi kullum da safe yana kwashe kifinmu a nan Madarunfa ya kai kasuwa. Mutum mai zaƙin baki, carbi ba ya barin hannunsa. Da lokacin sabunta takarda ya yi, ya tara mu mu huɗu ya ce, don me za mu yi asarar wuni guda a bakin ofis, alhali shi kullum yana gari? Shi zai karɓo mana, ba sai mun ba shi ko dala ba, zai riƙa cirewa a kuɗin kifi. Muka yi masa godiya har da addu'a. Wata guda cur yana ɗaukar tarwaɗata da karfasata a farashin da ya ga dama, in na yi magana ya ce kuɗin permi ne yake cirewa. Ƙarshe ya kawo takardu a naɗe cikin leda. Ni kuwa karatuna na allo ne, boko ko harafi ban sani ba. Na ga hatimi, na ga rubutu, na cusa a hula.

Sai cikin sanyi, daidai lokacin da ruwa ya fara ja baya kifi ya taru, aka zo bincike. Na fito da takardata da ƙarfin gwiwa, har ina yi wa yaron da ke kusa da ni dariya don shi ba shi da ko ɗaya. Ma'aikacin ya duba, ya dube ni, ya kira wani suna da ban taɓa ji ba. Tsohon permin wani ne na bara, an sa biro an gyara shekarar. Wallahi har gobe in na tuna yadda ya ɗaga takardar sama ya nuna wa abokinsa, sai in ji zufa ta karyo mini.

Suka tafi da kalli biyu sababbi ful, waɗanda na saya da kuɗin ragon matata, da mamarina, da kamun ranar gaba ɗaya. Cikin kamun akwai wata giwar ruwa da sai da muka kama ta mu biyu kafin ta shiga jirgi, irin wadda masunci kan yi shekara bai gani ba. Na biya tara, na kuma sake biyan kuɗin permi na gaskiya. Su ban riƙe su a zuci ba, aikinsu suka yi, kuma a idonsu ni ne mai takardar jabu. Kafin in haɗa kuɗin wani kalli, watannin kamu sun wuce, na ƙare shekarar ina yi wa ƙanena yaron jirgi. Ni, da ake kira in ana neman wanda ya san makwancin kifi!

Na kai ƙara gaban sarkin ruwa. Dillalin ya zo da carbinsa ya ce shi bai taɓa karɓar kuɗin permin kowa ba, kifi ya saya ya biya. Ina shaida? Sauran ukun duk yana bin su bashi, kuma su ranar binciken ba su shiga ruwa ba, sai kowa ya sunkuyar da kai. Rasit babu, rubutu babu. Yau yana nan da gidan bene, in mun haɗu a jana'iza har hannu yake miƙo mini. Ina karɓa don idon jama'a, amma ragon nan ban yafe ba.

To kai ne za ka zo mini da zancen takardar wani? Ku yaran yanzu kuna da kuɗin sa wa waya kati kullum, kuna da na shayi da na askin banza, amma kuɗin takardar da za ta tsare muku abincin shekara shi ne ya yi muku nauyi. Ga shi kun yi lakwal, kuna iya karanta abin da aka rubuta, abin da ni ban samu ba.

Yadda ake karɓa ba sai na tsaya koya maka ba, ofishin gandun daji ko jariri ya san inda yake. Ka je da ƙafarka, ka biya da hannunka, ka karanta sunanka da shekarar kafin ka fito, kuma kada ka baro rasit. Ka ce musu permin sana'a kake so, don ba iri ɗaya ba ne: akwai na masu su don kasuwanci irinmu, da na masu yi don nishaɗi, da na masu bincike. Abokan nan naka da ke ƙetarowa ta Ɗan Isa daga Jibiya, kuɗinsu ya fi namu tunda baƙi ne, kada su ruɗe ka da lissafinsu.

Kuma kada ka ɗauka takarda a aljihu ta halatta maka komai. Tun dokar su ta 1998 aka hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. Yatsun babba nake nufi, ba naka da suka yi kama da tsinke ba. An hana zuba guba, ko magimfa ce ko maganin ƙwarin gona, an hana nakiya, an hana wutar lantarki. In aka rufe ruwa, an rufe, da permi da babu. Tsuntsayen bakin tafki da na ga kana bi da danƙo su ma ba sa cikin takardarka, farauta dokarta daban, perminta daban.

Maganar idon ragar nan kuwa, ko babu hukuma ni zan hana ka. Tun da aka datse ruwa a Jibiya, Gulbin Maraɗi ba ya kawo mana abin da yake kawowa a zamanin iyayenmu, yashi kuma sai cike tafkin yake yi. Ɗan kifin da ya rage, ku bi shi da gidan sauro ku kwashe 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba, ku sayar da kwano guda a kuɗin goro. Na ga wanda ka ɓoye a ƙarƙashin gorarka ranar Talata, kada ka ce ban gani ba. Ka mayar wa tsohuwarka abinta ta rataya a gado.

Ranar Litinin ka zo da katin ɗan ƙasarka bayan sallar asuba. Abin da ya kasa a kuɗin zan cika maka, in cire a rabonka, amma a gaban mutum biyu za mu rubuta, kai za ka riƙe biron. Kafin nan ƙafarka ba ta shiga jirgina, ga kalli can mai huji bakwai yana jiran ka.