Wasiyyar da aka yi wa jika, aka tayar da ita bayan shekara 12

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara 12 da suka wuce, ya bar gidaje uku da gona. Kafin rasuwarsa ya rubuta takarda cewa a ba jikansa, ɗan ƙanenmu da ya riga shi rasuwa, ƙaramin gidan, mutum biyu suka sa hannu a matsayin shaidu. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana raye. A lokacin yaron yana da shekara 9. Da muka zo rabon gado, babban wanmu ya ce takardar ba ta da ƙarfi, ya ajiye ta a wurinsa, aka raba komai, gidan ya faɗo a kasonsa, yana karɓar kuɗin haya. Mahaifiyar yaron ta sani amma ba ta ce komai ba. Ni ma na san maganar, don Baba ya taɓa faɗa mini da bakinsa. Yanzu yaron ya kai ƙara kotu. Wani ya ce mana tunda an haura shekara 10 ba a yi magana ba, hauzi, wato riƙe dukiya tsawon lokaci ba tare da wani ya nema ba, ya tabbata, ba a sauraron ƙararsa. Shin haka ne?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, a taƙaice jinkirin nan bai kashe wasiyyar ba, kuma wanda ya faɗa muku maganar hauzi ya ɗauko hukunci na gaskiya ya ɗora shi inda ba gurbinsa ba. Asalin wasiyyar ba ta da matsala: jika ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, saboda haka bai shiga cikin hadisin da ya hana wasiyya ga magaji ba, kuma ana fitar da wasiyya ne bayan biyan bashi, kafin rabo, iyakarta sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Waɗannan ba su buƙatar tsayawa.

Abin da ya juya hukuncin yana cikin jimla ɗaya ta tambayarka, inda ka ce yaron yana da shekara 9. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki jinkiri da wasa ba. Sun ce wanda ya halarci rabon dukiyar mamaci, yana da haƙƙi a cikinta, ya san da haƙƙin, ya zuba ido har aka rabe komai bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to idan ya dawo daga baya yana nema ba a karɓa masa, domin shirunsa a wannan zama ya ƙaryata da'awarsa. Da a ce wanda aka yi wa wasiyyar baligi ne mai hankali da ya zauna tare da ku ranar rabo, ya ga an miƙa wa wanku takardun gidan bai motsa ba, da amsata ta sha bamban da wannan. Amma shirun ɗan shekara 9 ba yarda ba ce, shirun mahaifiyarsa kuma ba ya zubar masa da haƙƙi, domin ko waliyyi na shari'a ba shi da ikon yafe dukiyar maraya, balle uwa da wataƙila tsoron ɓata zumunci ko tsoron a janye hannu daga ɗawainiyar ɗanta ne ya rufe mata baki.

Yanzu ga maganar hauzi, kuma zan tsawaita a kanta saboda ta yaɗu a bakin mutane har wasu sun ɗauka shekara 10 injin wanke haram ne. Gaskiya ne malamin Malikiyya Ibn Abi Zaid ya ambata a littafinsa Risala cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 ana cewa nasa ne, mai gidan yana nan, ya sani, bai yi da'awar komai ba, to mai gidan ba shi da damar tasowa neman gidan daga baya. Sai dai a wannan wurin dai, ba a wani babi ba, ya ce babu hauzi tsakanin dangi da surukai a irin wannan tsawon lokaci. Ibn Asim, shi ma malamin Malikiyya, a littafinsa Tuhfa ya kai hauzin makusanta, idan zama ne a gida ko noma a gona, zuwa abin da ya haura shekara 40, sai fa idan an san akwai husuma a tsakaninsu, sannan a ɗauke su kamar bare. Dalili a fili yake: ɗan'uwa yakan kawar da kai ga ɗan'uwansa don kunya da zumunci, ba don ya sallama ba. Wanku baffan yaron ne, ba bare ba.

Ko da mun ƙaddara bare ne, sharuɗɗan da Sheikh Khalil ya jera a Mukhtasar ba su cika ba, domin ya ce mai haƙƙin ya kasance yana nan, ya yi shiru, ba tare da wani abin da ya hana shi ba, kuma ƙuruciya tana sahun gaba cikin abubuwan da suke hanawa. Lissafi yana farawa ne daga ranar da ya balaga ya mallaki hankalin dukiya, ya kuma san da wasiyyar. Ku ƙirga daga nan ku ga ko shekara 10 ta cika. Bayan haka akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda masu yawan ambaton hauzi suke tsallakewa: hauzi alama ce da alƙali yake dogara da ita idan ba a san ta yadda mutum ya shiga dukiya ba, ba hanyar mallaka ba ce irin ciniki ko kyauta ko gado. A nan kuwa kowa ya san ta ƙofar da wanku ya shiga gidan, wato rabon da aka yi bayan an ninke takardar wasiyya an sa a akwati. Wanda ya ɓoye hujjar mutum da hannunsa ba zai juyo ya kafa hujja da cewa mai ita bai fito da ita a kan lokaci ba.

Idan kuma abin da ake nufi shi ne wa'adin da dokokin ƙasashe suke sanyawa na shigar da ƙara, to shugaba yana da damar hana alƙalansa sauraron tsofaffin da'awowi don rufe ƙofar ƙarya da shaidar zur. Majalla, wato kundin dokokin Daular Usmaniyya, ta sa shekara 15 ga irin su bashi da gado, amma ita ma ta cire shekarun ƙuruciya daga lissafi, ta kuma faɗa ƙarara cewa haƙƙi ba ya faɗuwa saboda tsufan zamani. Rufe ƙofar kotu daban, halattar abin da ke hannunka daban. Manzon Allah (SAW) ya faɗa a hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya yanka masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya tsara hujja, to yanki ne na wuta ya yanka masa.

Game da ƙarfin takardar, da rubutun hannun mahaifinku ne kawai aka tsinta, bai shaidar da kowa ba, bai kuma ce a zartar ba, da Malikiyya ba su zartar da ita, domin mutum yakan rubuta sannan ya canza ra'ayi. Amma ya kafa shaidu. Rasuwar ɗaya ba ta rushe ta ba, tunda haƙƙin dukiya yana tabbata da shaida ɗaya adili tare da rantsuwar mai nema. Idan ta tabbata, alƙali zai sa a kimanta dukkan abin da aka bari. In gidan bai wuce sulusi ba na jikan ne, in ya wuce, rarar tana hannun magada baligai, su amince ko su ƙi. Wanku kuma ba shi kaɗai zai ɗauki asarar ba, domin gidan a matsayin kasonsa aka ba shi, don haka za a gyara rabon kowa ya mayar masa gwargwadon abin da ya ci. Kuɗin hayar shekarun nan ma ku lissafa su ku gabatar wa alƙali, kada ku jira sai an tono.

Saura kai. Ka tambaye ni a matsayin wanda ake ƙara, alhali kai shaida ne, tunda ka ce Baba ya faɗa maka da bakinsa. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 181 kuma ta ɗora zunubin canza wasiyya a kan wanda ya ji ta ya canza. Iƙirarin da ka yi mini yana ɗaure ka a naka kason ko da sauran duk sun musanta, ko da kotu ta kori ƙarar. Na kuma lura tun da ka gabatar da shi sau ɗaya, sai "yaron" kake ta ce masa. Ɗan ƙanenka ne, ya rasa uba, sannan ya rasa kakan da ya tuna da shi. Shawarata ka fara samun wanku ku kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka gaya masa cewa idan aka kira ka za ka faɗi abin da ka ji, ka nuna masa cewa ba shi kaɗai zai biya ba. Idan an kai ga sulhu, a bari ɗan naku ya ga takardar ya san kimar gidan kafin ya yafe wani abu, kuma a yi shi a gaban alƙali a rubuce, domin yafiyar da aka karɓa da matsin dattawa ba ta halatta komai.

Allah ne mafi sani.