Sabon keken tsere da batun madubi

Tambaya: Malam, sati biyu ke nan da na sayi keken tsere mai siririyar taya. Gudu kam akwai shi, amma kafin in yi awa ɗaya tafin hannuna ya mutu, wuyana ya sage. Ina kuma so in sa madubi, sai dai kan keken lanƙwasasshe ne kamar ƙahon rago. Ina zan maƙala shi?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sirdi. Idan hancinsa ya sunkuya, nauyinka kacokan kan hannu yake sauka. Daidaita shi ya kwanta sambal. Tsawonsa kuwa, ka hau, ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Ni da kaina na sha wannan ciwon, sai da na ɗaga kan keken da santimita 1 na kuma rage wa taya iska kaɗan, sannan na samu sauƙi. Idan firam ɗin, wato gangar jikin keken, zai ɗauka, taya mai faɗin milimita 28 ta fi ta 23 shanye gargada. Kuma ka riƙa sauya wurin riƙo.

Madubi, nemi wanda ake cusawa a bakin ƙahon. Cire murfin robar, zura shi, ɗaure da makullin alan (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida), a ɓangaren da motoci ke wuce ka. Saita shi kana bisa keken. Gilashinsa mai tudu ne, yana nuna motar da ke dab da kai kamar tana nesa, don haka ka waiga kafin ka sha kwana.