Haɗa Ashwagandha da Shilajit Domin Ƙarfin Maza

Malam, ka tambaya ko za ka iya haɗa ashwagandha da shilajit, magungunan gargajiyar Indiya, domin ƙarin kuzari da ƙarfin maza. Ina roƙonka kada ka fara su tare, domin idan matsala ta taso ba za ka gane wanne ne ya jawo ta ba. Ashwagandha yana iya sauke sukari da hawan jini, kuma ya taɓa hantar wasu. Gurɓata ce ta fi damuna: binciken da aka wallafa a 2004 ya gano dalma, zaiba ko arsenik a kashi 20 cikin 100 na magungunan Ayurveda, wato na gargajiyar Indiya, da aka sayo a Boston, Amurka. Idan kana shan maganin asibiti, kai wa likitanka kwalbar ya duba tukuna.