Na haɗa shuɗi da rawaya, sai ruwan toka ya fito

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina ɗan wasan waya da Godot, manhajar gina wasanni, inda mai wasa zai zama marini a Ƙofar Mata, ya riƙa haɗa launuka har ya dace da wanda mai kaya ya nema. Na tara lambobin shuɗi da na rawaya na raba biyu, amma maimakon kore sai ruwan toka nake samu. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Kabuga, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinka bai karkace ba. Gilashin waya da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, wato RGB, kowanne daga 0 zuwa 255. Rawaya ita ce 255, 255, 0, shuɗi kuma 0, 0, 255. Ka tara ka raba biyu, duk ukun za su tsaya wajen 128, ruwan toka ke nan. Rini kuwa shanye haske yake yi. Rawaya ta shanye shuɗin haske, shuɗi ya shanye ja, koren da ya rage shi ke dawowa ido.

Don haka ka daina yanke hukunci da launin da ke kan gilashi. Abin da aka zuba a karofi shi za ka ajiye. Ba wa ja lamba 1, rawaya 2, shuɗi 4, ka riƙa haɗa su da alamar |, wadda masu rubuta manhaja ke kira OR, mai haɗa lambobin nan ba tare da ƙirga launi ɗaya sau biyu ba. Rawaya da shuɗi za su ba ka 6, ja da rawaya 3, ja da shuɗi 5, duka ukun 7. Sai ka yi ɗan jadawali mai gida takwas: 0 farin yadi, 3 ruwan goro, 5 shunayya, 6 kore, 7 ruwan ƙasa, sauran ukun launukan asali. Kai ne za ka zaɓi irin koren da zai bayyana.

Don Allah kada ka sa alamar tarawa a nan. In yaro ya zuba ja sau biyu, 1 da 1 sun zama 2, yadinsa ya koma rawaya. Da OR kuwa, ja a kan ja yana nan ja.

Ni dai zan so ka ƙara zurfin launi, domin nan daɗin wasan yake. Marinan Ƙofar Mata da baba da toka da kanwa suke haɗa ruwansu, kuma yawan tsomawa ne ke mai da shuɗi ya yi duhu. To ka riƙa ƙirga cokali nawa aka zuba na kowane launi. Shuɗi 2 da rawaya 1 daidai yake da 4 da 2, kuma za ka gane haka in ka ninka su a gicciye: 2 sau 2, 4 sau 1. Ka tsaya a kan cikakkun lambobi, saboda a kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa cika 0.3 cif, sai mai wasa ya dace amma a hana shi wucewa.

Akwai kuma waɗanda idonsu ba ya rarrabe ja da kore, galibi maza. Sa wa kowane launi alamarsa, ɗigo ga ja, zane a tsaye ga shuɗi, a kwance ga rawaya, yadda koren zai fito da zane biyu a gicciye.